Hayaƙin Rijiya da Sammacin Baba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya jarrabe mu kuma Ya kawo sauƙi. Sunana Zulai, a Getso nake, kuma ɗinki ne sana'ata, ba rubutu ba. Matan unguwarmu ne suka dame ni da in rubuta jinyar da na yi ta maigidana, wai ko wani ya karanta ya tsira. Na ce to, amma da sharaɗi. Zan faɗi godiyata, zan kuma faɗi abin da ya ƙona min rai, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri.

Maigidana sunansa Rabi'u, kafinta ne, ɗan asalin Durun ta ƙasar Kabo, sana'a da aure suka zaunar da shi a garinmu. Ni Baban Amira nake ce masa. Mutum ne da ba ya iya ganin ana aiki ya wuce. Saboda haka da samarin unguwa suka kafa ƙungiyar aikin sa kai, shi ne kan gaba. Su ne gyaran maƙabarta, su ne cike zaizayar hanya bayan ruwan sama, su ne ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, kuma ba a biyan kowa ko sisi. Na sha yi masa tsiya cewa ƙyauren banɗakinmu ya shekara a karye, ga kafinta a gida, amma ƙofar maƙabarta har fenti ta sha.

Da za su kafa ƙungiyar sai suka yi abin da kowa ke yi a wajenmu, wato ba a tara jama'a a ce yaro ne shugaba. Suka je zauren mahaifina suka durƙusa, suka ce, "Malam, kai ne shugabanmu." Baba tsoho ne, malamin makarantar allo da ta Islamiyya, wanda ake kawo wa rabon gado da sulhun ma'aurata. Ya sa musu albarka ya karɓa. Shugabancin nasa bai wuce ya buɗe taro da addu'a a zaunar da shi a kujerar gaba ba. Ba ya sanin ranar da za su fita aiki, balle kayan da za su yi aikin da su. Zancen yi wa ƙungiyar rajista kuwa bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba. Wajen wa za ka je neman izini don za ka share kabarin kakanka?

A bazarar bara rijiyar da ke bakin Islamiyya ta ja baya, ruwanta ya koma laka, sai suka sa ranar yasa. A da da guga ake kwashe ragowar ruwan, a wuni ana ja. Wannan karon wani daga cikinsu mai suna Lawan ya kawo injin ban ruwa na fadamarsa don a huta. Mesar ba ta kai ƙasa ba, sai suka ɗaure injin da igiya suka zura shi cikin rijiyar, ya yi ta aiki a can ciki har ruwan ya ƙare. Suka jawo shi waje kowa na murna an gama da wuri. Baban Amira ya sauka nan take, ya kwance igiyar ƙugunsa don a riƙa jawo laka da ita. An ce ya yi magana sau ɗaya, ya ce kansa na sarawa. Daga nan aka yi ta kira, shiru.

Lawan ne ya bi shi, ya ɗaure shi aka jawo su. Shi ma da ya fito bai iya tsayuwa ba, sai amai. Ni ina kan keke da hantsi ina haɗa rigar wata amarya, wata maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu. Ban san da wane takalmi na fita ba.

A asibitin da ke kusa da mu aka sa masa iskar oksijin. Likitan ya yi min bayanin da har yau yana kunnena. Ya ce, "Hayaƙin injin ne ya taru a ƙasan rijiyar. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yana shaƙa yana ganin lafiyarsa ƙalau." Washegari Baban Amira ya farka. Ya yi kukan ciwon kai, ya sha kunu, ya tambayi ko an ƙarasa yasar. Na ce Allah Ya shirye ka, kai da rijiyar. Kafin mako ya cika aka sallame mu. Likitan ya ja ni gefe ya ce idan na ga ya canza, ko bayan makonni ne, in dawo da shi ba jira. Na ce to, amma murna ba ta bar maganar ta zauna a raina ba.

Mako na biyu lafiya lau. Gida ya cika da 'yan barka, har ya koma shago yana 'yan ƙananan ayyuka. A mako na uku ne na fara ganin abin da ban gane ba. Sai ya riƙe guduma ya tsaya yana kallonta. Ya tambaye ni ina Amira, in ce tana makaranta, kafin in juya ya sake tambaya. Tafiyarsa ta koma 'yar guntuwa, yana jan ƙafa kamar an dabaibaye shi. Ranar da na tarar ya yi fitsari a zaune a kan tabarma, yana kallona bai ma san ya yi ba, na shiga ɗaki na toshe bakina da mayafi don kada yara su ji. Bayan kwanaki kaɗan maganar ma ta ɗauke gaba ɗaya.

Nan fa shawara ta ɓarke. Surukata, Inna, ta zo daga Durun da ƙullin magani, ta ce mutanen rijiya ne suka taɓa shi, ba a shiga gidansu ba sallama. Wata gwaggo ta ce sammu ne. Wani ya ce a nemo kitsen damo a shafe shi. Inna ta hura garwashi a kasko za ta lulluɓe shi da bargo ta turara shi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar na riƙe kaskon na ce, "Inna, don girman Allah, hayaƙi ne fa ya kwantar da shi." Ta dube ni ta dubi ɗanta, sai ta ajiye ta fashe da kuka. Ba na ganin laifinta, uwa ce. Baba ne ya raba gardamar. Ya aiko da rubutu a kwalba, tare da saƙon cewa a ba shi ya sha, amma gobe da sassafe a kama hanyar asibiti.

Daga asibitinmu aka tura mu wani babba a Kano. Can yayan maigidana ya tare mu, Yaya Sabo, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a birni. Wannan asibiti gari ne guda. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, duk wanda ka tambaya sai ya nuna maka wata taga. Aka ce a yi hoton ƙwaƙwalwa. Ranar da aka ba mu muka je aka ce na'urar ta tsaya. Muka koma wani makon aka ce mai karanta hoton ya yi tafiya. Mai jinya idan bai yi hankali ba shi ma sai an ba shi gado. Tumakina suka tafi a makonnin nan, na fara cigiyar mai sayen keken ɗinkina. Yaya Sabo ya ji, ya ce, "Kada ki kuskura. Keken nan shi zai riƙe ku nan gaba." Daga ranar shi ya ɗauki magani da gado da abincinmu, bai taɓa yi min gori ba.

Likitar da ta karɓe mu wata mata ce mai sanyin magana. Ta ce, "Gubar ta fita tuntuni, ɓarnar da ta bari ce ta taso yanzu. Ƙwaƙwalwa ba a yi mata gaggawa. Wasu suna dawowa, wasu rabi, ba zan yi miki alkawari ba." Aka sa masa robar fitsari, aka sa ta hanci don abinci. Wata nas 'yar Filato ta koya min yadda zan riƙa juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda zan miƙar masa da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ta zo wucewa sai ta ce, "Oga kafinta, tashi mana, kujerata ta karye." Allah Ya saka wa matar nan da alheri duk inda take.

'Yan ƙungiya kuwa suka raba kwana a tsakaninsu. Kullum akwai namiji ɗaya a gefen gadon, don ni ba na iya ɗaga shi. Lawan ya fi kowa zuwa. Ba ya iya haɗa ido da ni, sai dai ya karɓi baho ya tafi ya wanko. Da ruwa ya sauka, ina Kano aka bugo min waya cewa sun shuke mana gonar gero, har da wake a tsakani.

Muna cikin wata na biyu na zo gida duba yara. Na biya gidanmu da la'asar na tarar zauren Baba tsit, an tashi ɗalibai. Mahaifiyata tana zaune a bakin murhu babu wuta. Ta ce ma'aikacin kotu ya zo da safe ya kawo wa Malam sammaci, ana neman diyyar raunin Rabi'u, kuma Sabo ne mai ƙara a madadin ƙaninsa. Baba da ko shaida bai taɓa zuwa bayarwa kotu ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Washegari na koma Kano, na sami Yaya Sabo a ƙarƙashin bishiyar da masu jinya ke zama. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ina kwana, ya kasuwa, ya su Hajiya, ya mai jiki. Sannan na ce, "Yaya, ni za ka yi wa haka? Ina nan ina wanke ƙaninka, kai kana can kana kai ubana kotu?"

Ya ce, "Zulai, wallahi ban ambaci sunan Malam ba. Ƙungiya na kai ƙara. Lauya ne ya bincika ya ce babu ita a ko'ina, sai dai a kira shugabanninta."

"To ka janye mana."

Ya ce, "Ba zan janye ba. Shiga ki dubi yaron nan. Da kamfani yake wa aiki da yanzu an san wanda zai riƙe shi. Don ya yi kyauta shi ke nan lafiyarsa ba ta da daraja? Yau ina da hali, gobe fa? In na faɗi, wa zai ci da 'ya'yanki?"

Na tashi ina jin kamar in shaƙe shi, kuma na rasa inda ya yi ƙarya. Da azahar kwanon abinci ya zo daga gidansa kamar kullum, na zauna na ci.

Akwai ƙawata tun ta firamare, Rifkatu. Mahaifinta mutumin kudancin Kaduna ne, ya koyar a Gwarzo har ya yi ritaya, ita kuma ta zama lauya a Kano. Na kira ta ina kuka, ta zo asibitin da kanta da ledar lemo. Na ce ta fahimtar da ni yadda aka yi ƙarar ƙungiya ta koma ƙarar Baba.

Ta ce, "Kin ga, ƙungiyar da aka yi wa rajista, doka tana kallonta kamar mutum mai zaman kansa. Tana da amintattu, tana da dukiyarta, ita ake kira idan wani abu ya faru. Taku kuwa a idon doka ba kowa ba ce, taron mutane ne kawai. To taro ba a kai shi ƙara, sai a kamo waɗanda aka ce su ne shugabanni, kowa da sunansa."

"Amma ai kyauta suke yi, Rifkatu. Don Allah suke yi."

"Na sani. Shi ya sa dokar da ke kare ma'aikaci ba ta rufe Rabi'u ba, don ba albashi yake karɓa ba. Amma yin abu kyauta bai sauke wa masu shirya aiki nauyin kula da ran wanda suka sa ba. Idan kotu ta ga an yi sakaci, za ta ce a biya."

"Wa zai biya? Ƙungiyar ko asusu ba ta da shi."

Ina rufe baki na gane, Baba ne zai biya. Abin da Baba ya mallaka a duniya gona ɗaya ce da gidan da makarantar ke ciki. Wato a sayar da zauren da na koyi alif a cikinsa, a kawo kuɗin ɗakina. Rifkatu ta ce akwai hanya. Idan Baba ya bayyana wa kotu cewa shugabancin na girmamawa ne, bai san da aikin ba, bai halarta ba, ana iya cire sunansa. Na ce to sai ya faɗa kan wa? Ta ce kan waɗanda suka yi aikin, Lawan a gaba. Allah Ya yafe min, a lokacin ban damu ba. Ubana nake so a fitar.

Na tafi Getso da wannan albishir. Na sami Baba a kan buzunsa, na zauna daga bakin ƙofa na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Zulaihatu, da suka zo suka ce ni ne shugaba, na ce musu a'a?"

"Ba ka ce ba, Baba, amma ai kowa ya san..."

"Duk taron da aka yi, a kujerar gaba nake zama. Baƙi su zo a ce ga shugaba, in miƙa hannu. Ban taɓa cewa ku nuna min yadda kuke shiga rijiya ba. Ban taɓa tambaya ba, kuma tambayar aikina ce. Yanzu da abin ya zo da nauyi sai in ce wasa ake yi? In bar yaron nan Lawan da 'ya'ya ƙanana?"

Na ce, "Baba, gidan fa. Makarantar fa."

Ya ce, "Allo ko a gindin bishiya ana karanta shi. Tashi ki koma wajen mijinki."

Ban taɓa jin haushin Baba irin na ranar ba, ban kuma taɓa ganin girmansa irin na ranar ba. Ranar zaman farko ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi, ya zauna a bencin waɗanda ake ƙara tare da samarin da ya koya wa Fatiha. Aka ɗaga zaman. Aka sake zama, aka sake ɗagawa. Garin ya rabu biyu a kan maganar, mutanen Durun suka daina tsayawa gaisawa a ƙofar gidanmu. Wani mai ba da shawara ya ce wa 'yan ƙungiya su daina zuwa asibiti, wai zuwan da ban haƙurin za a iya ɗaukarsu amsa laifi. Ba wanda ya fasa. Lawan ya ce, "In amsa laifi ne, ai na amsa tun a bakin rijiya." Da shi da Yaya Sabo suka ci gaba da kama Baban Amira, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa, ba mai yi wa wani magana.

Rifkatu ta faɗa min abu ɗaya da na riƙe. Haƙƙin na Rabi'u ne. Yaya Sabo yana tsaye ne a madadinsa don ba ya cikin hayyacinsa. Ranar da likita ta tabbatar hankalinsa ya dawo, shi kaɗai ke da ikon ya nema ko ya yafe. Daga nan addu'ata ta zama biyu a haɗe. Ina roƙon lafiyar mijina don kansa, ina roƙon bakinsa ya buɗe kafin alƙali ya yanke.

Aka sallamo mu gida gero na bununi, muna komawa gashin ƙashi duk mako. Sauƙin bai zo da ganga ba. An fara cire robar hanci. Ya fara bin mutum da ido. Wata rana ina ba shi fura ya kawar da kai ya ce, "Tsami." Na saki ludayin na fita tsakar gida ina guɗa, maƙwabta suka shigo a guje sun ɗauka wani abu ne. Watanni ina jiran kalma, ashe kushen furata zai fara da shi. Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hannun dama dai ya ƙi sakewa, ƙafar ma sai da taimako.

Lokacin da aka fara yankan gero likitar ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Ina ne nan, wane wata muke ciki, 'ya'yanka nawa. Ya amsa, yana tsayawa yana nema. Ta nuna ni ta ce, "Wannan fa wace ce?" Ya dube ni ya ce, "Mai faɗa." Likitar ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce lallai hankali ya dawo.

A ranar na gaya masa zancen ƙarar. Na daɗe ina juya yadda zan fara, ƙarshe na faɗe shi a miƙe. Ya ce, "Malam? A kotu?" Ya yunƙura zai tashi, jikin ya ƙi. Hawaye ya riƙa bin gefen fuskarsa. Ranar rijiyar gaba ɗaya ta goge daga kansa, ko saukarsa bai tuna ba. Na gaya masa gaskiya cewa idan ya yafe, babu abin da zai samu, kuma hannun nan ba lallai ya sake riƙe zarto ba. Ban so ya yafe don ni ba. Ya ce, "Ki kai ni."

A keken marasa lafiya muka shiga da shi. Alƙali ya duba shaidar likita, ya tambaye shi ko ya san abin da ya kawo shi. Maganar da mai lafiya zai yi a numfashi ɗaya, shi sai da ya yi gumi. Kotu ta yi tsit ana jiransa.

"Ban tuna ba," in ji shi. "Amma ba wanda ya tura ni. Na yafe. Malam, Lawan, duka."

Yaya Sabo ya miƙe ya fuskanci alƙali. "Allah Ya gafarta Malam, ya yafe, na ji. To wa zai riƙe shi?"

Alƙali ya ce tambayar tana kan hanya, kuma yafiya ba ta nufin ba a yi sakaci ba, sakaci kam an yi shi. Ya ba da lokaci aka fita aka yi sulhu, Rifkatu na taimaka mana da tsara maganar. Aka tsaya a kan cewa ƙungiya za ta noma gonarmu kowace damina har ya iya da kansa, za ta riƙe shagonsa, yaran da ke koyon aiki a wajensa su ci gaba a ƙarƙashin idonsa, za ta yi rajista, ba kuma za ta sake sa kowa aiki mai haɗari ba sai da wanda ya san aikin. Yaya Sabo ya amince. Alƙali ya sallami kowa.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Kada a kunna inji a cikin rijiya ko a bakinta, kada a shiga bayan an kashe shi. Wanda hayaƙi ya sumar, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido na makonni. Masu ƙungiya kuma, ku je ku yi rajista, ku nemi lauya ya gaya muku nauyin da ke kanku tun ba a kwanta asibiti ba, ku tambayi zancen inshora ko da kuna ganin ta fi ƙarfinku. Idan kuna son girmama dattijo ku kira shi uba, ku kai masa goro. Kada ku rataya masa shugabancin da bai san abin da ke cikinsa ba. Godiyata ga likitocin nan da nas ɗin nan, ga Rifkatu da ba ta karɓi ko kuɗin mota ba, ga Inna, ga samarin unguwarmu. Godiyata ga Yaya Sabo, wanda na yi wata uku ba na son jin sunansa alhali shi ke ci da ni. Har yanzu ina ganin da ya fara zuwa zauren Baba kafin ya je wajen lauya, kuma na faɗa masa.

Saura abu ɗaya. Da muka fito daga kotun an kira azahar. Na tura keken zuwa inuwa na ɗebo ruwa a buta, don tun da ya kwanta ni nake yi masa alwala. Sai na ji an karɓe butar daga hannuna. Baba ne. A wajenmu suruki da suruki ko kwano ɗaya ba sa ci, Baban Amira bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar Baba ba tun da aka ɗaura mana aure. Ga tsohon nan ya tattare farar rigarsa ya tsuguna a gabansa, a bainar jama'a, ya wanke masa hannu da fuska, ya kai hannu ya zare masa takalmi.

Baban Amira ya yi ta ƙoƙarin janye ƙafar, ƙafar ta ƙi bin umarninsa. "Malam," yake cewa, "Malam, a'a."

Baba ya ce, "Tsaya, Malam Rabi'u. Alƙali ne ya sallame ni. Ni ban sallami kaina ba."

Yaya Sabo ya juya mana baya ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Baba ya wanke ta dama, ya wanke ta hagu, yana bin tsakanin yatsun a hankali. Sannan ya miƙo min butar ya ce in ƙaro ruwa, shi bai yi tasa ba tukuna.